Sanda, Ril da Zare Kafin Jirgin Laraba

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga Dakta Haruna, babban likita a Erdington, dattijon mutanen Yauri na Birmingham da kewayenta, wanda in ya yi gyaran murya a falo har talabijin take rage sauti, zuwa ga ɗansa Mukhtar da ke Moss Side a Manchester.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka na flat, har da dogon nan da ba ya wanke tukunya. Mu nan lafiya muke. Mamanka tana gaishe ka, ƙanwarka Amira ma haka. Allah ya tsare ka a inda kake, ya tsare ka a inda za ka.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Sati uku ke nan da ka rubuta a group ɗin gida cewa wanda za ku yi aiki tare a asibitin Darwin ya ce maka kowa a garin fatsa yake yi ranar hutu, ka tambaya wace irin sanda da ril da zare za ka nema don kifin da suke ce wa barramundi. Ka sa sunana a ƙarshen tambayar. Na karanta, kowa ya ga na karanta, ban amsa ba. Kafin nan ma mun yi sati uku ba mu yi magana ba, tun ranar da ka zo cin abincin rana ka ce ka riga ka sa hannu a takardar aikin Ostiraliya, ni kuma na ture faranti na ce tunda ba ka nemi shawarata ba, ka je, Allah ya kiyaye. Jirginka ranar Laraba mai zuwa ne. Ga amsarka, ko da ta makara.

Da farko ka sani kifin nan ba baƙonmu ba ne. Ɗan'uwan giwan ruwa ne, gida ɗaya suka fito. Dubi hotonsa: doron nan, faffaɗan bakin nan, idon nan mai sheƙi. Halinsu ma ɗaya. Ba ya yawo a fili. Yakan laɓe a ƙarƙashin icen da ya faɗa ruwa ko cikin saiwoyi a bakin rafi, in abinci ya zo wucewa ya zuƙe shi gaba ɗaya. Da ya ji ƙugiya sai ya yi tsalle yana girgiza kai, in bai yar da ita ba ya nufi cikin saiwa da gudu. Duk abin da za ka saya, don wannan gudun za ka saye shi. Mu Sarkawa ne, kakanninka a cikin ruwa suka tsufa. Ni dai karatu ya ɗauke ni da wuri, shi ya sa a harkar kifi Baffanka Ilu, ƙanena mai yanka kifi a shagon High Street, ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Ya fi ni fara'a kuma, wannan kowa ya shaida.

Mu fara da sanda. Ina shekara goma sha biyu Kakanka Malam Bawa ya aike mu yankan gora, kowa ya zaɓo wadda zai yi fatsa da ita. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na yanko wadda ta fi kowace tsawo, don in na ratsa kasuwa da ita a ce ga ɗan Malam Bawa. Kakanka ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Kai Haruna, kifi za ka kama ko mangwaro za ka kaɗo?" Ban saurare shi ba. Inda kifi yake a lokacin ƙarƙashin wasu itatuwa ne da suka sunkuyo kan ruwa. Jifan farko kan gorar ya shige cikin reshe, a reshen kuwa akwai gidan rina. Kwana uku idona na hagu bai buɗe ba, kuma sunan da aka sa mini a unguwa ba zan rubuta shi a takarda ba.

Saboda haka kar ka sayi doguwa. In a cikin kwale-kwale za ku riƙa yi, ƙafa shida zuwa shida da rabi ta ishe ka. In daga tudu ne, ƙafa bakwai. Abin da ake so ka jefa koto daidai gindin icen da kifin yake, ba ka wurga shi tsallaken kogi ba. In ka shiga shago kar ka tsaya karanta rubutun jikinta kawai. Ka ce mai shagon ya riƙe bakinta, kai ka ɗaga. Samanta ya lanƙwasa, gindinta ya tsaya ƙyam. In ta lanƙwashe har hannunka, ajiye ta, kifin zai ja ka cikin saiwa kana kallo. In ta ƙi motsi kamar taɓarya, ita ma ajiye ta. Kuma kar ka saya a Manchester. Na nan dogaye ne, an yi su don mutum ya zauna a kujera bakin tafki da shayinsa yana jiran kifi ya ga dama. Ka bari sai ka isa, ka saya a hannun mutumin da kifin ya taɓa karya wa sanda.

Sai ril, injin naɗe zaren. A nan ne na yi kuskuren da kai ma kana wurin. Kana shekara tara na ɗauke ka zuwa wani tafkin kulob a bayan gari, na ce yau zan nuna maka sana'ar gidanku. Ril iri biyu ne: akwai mai rataya a ƙarƙashin sanda, akwai mai zama a samanta, wanda sai an danne zaren da babban yatsa lokacin jifa. Ni na sayi mai zama a sama, don shi na ga ƙwararru suna riƙewa. Wani tsohon Bature mai hular ulu da ke zaune kusa da mu ya leƙo ya ce, "Start him on the easy one, mate." Na ce masa ni jikan masunta ne, an haife ni ana jin ƙarar ruwa. Na ɗaga na wurga. Koton ya faɗi nan gaban takalmina, ril ɗin kuwa ya ci gaba da juyawa shi kaɗai, zaren ya cukurkuɗe ya yi tsiri. Ka duba ka ce, "Dad, it looks like Amira's hair," ka fashe da dariya. Na daka maka tsawa a gaban mutane. Awa biyu na yi ina tsintar zare da tsinken sakace, kai kana tsaye hannu cikin aljihu, sanyi yana cinka.

Bai ƙare a nan ba. Tsohon ya ji tausayinka ya ara mana sandarsa, Allah ya ba mu wani ƙaton kifi. Na yi bismilla na cusa shi a leda, na riga na gama lissafin farfesu. Mai gadin wurin ya zo da gudu. Ashe su a nan kama kifi ake yi, a auna shi, a ɗauki hoto, a shafa masa baya, a mayar da shi ruwa. Har suna ne da kifin. Na tsaya ina yi wa mutumin bayanin cewa a garinmu wanda ya mayar da kifi ruwa sai an kai shi wurin malam a yi masa rubutu. Bai yi dariya ba. Muka dawo gida ba kifi, ba magana. Ban sake kai ka fatsa ba. Ka tambaya sau biyu, na ce ina da shift. Ba ni da shift. Kunya ce, kuma ban iya cewa kunya nake ji ba.

To ka fara da mai sauƙin, mai rataya a ƙasa. Lamba dubu huɗu, ko biyar in sandar ta ɗan yi nauyi. Ka ce musu wanda yake jure ruwan gishiri kake so, kuma duk ranar da ka dawo ka ɗauraye shi da ruwan famfo a hankali kafin ka ci abinci, in ba haka ba wata uku zai fara kuka kamar ƙofar banɗakinmu ta sama. Mutanen can za ka ga da yawansu mai zama a sama suke riƙewa, don ya fi saiti a cikin saiwoyi. Kar ka yi gasa da su. In ka kwana biyu ka saya, ka koya a bayan gida inda ba kowa. In kuma ya cukurkuɗe a gaban mutane aka yi dariya, ka taya su. Sannan kafin ka sa kifi a leda ka tambayi dokar wurin. Akwai girman da ake ɗauka, akwai wanda ake saki. Manyan nan kusan duk mata ne, don kifin namiji yake farawa, in ya girma ya koma mace, ikon Allah. Su ne masu ƙwai. Ka mayar da su.

Yanzu zare, kuma a nan ka nutsu. Na cikin ril ya zama mai kitso, wanda suke ce wa braid, wanda aka rubuta talatin a kwalinsa. Siriri ne, ba ya miƙewa, ko kifi ya shinshina koto za ka ji a hannunka. Amma shi kaɗai ba ya yi. Bakin kifin nan kaushi ne da shi kamar dutsen goge ƙafa, murfin kunnensa kuma reza ne. Dole ka ƙulla guntun zaren roba mai kauri a gaba, lamba hamsin ko sittin, tsawon hannunka daga kafaɗa zuwa yatsa, shi ne zai sha gugar. Ƙullin da zai haɗa su biyun ka koye shi tun kana Moss Side, a ƙafar kujera. Ka jiƙa shi da yawu kafin ka ja, ka ja kamar kana fushi da shi. In zai kwance gara ya kwance a ɗakinka. Duk kifin da ka kama, ka bi robar da yatsa. Ka ji kaushi, yanke ka sake. Kar ka ce saura jifa ɗaya.

Akwai kuma birki, wato murfin da ake murɗawa a goshin ril don zare ya riƙa fita in an ja da ƙarfi. Kana yaro ka sha tambayata tabon da ke yatsana na dama, na ce maka wuƙar asibiti ce. Ba ita ba ce. Ina shekara goma sha tara na dawo hutu daga jami'a, na bi Kakanka cikin jirgi ina ji da kaina. Giwan ruwa ya kama, irin wanda mutum biyu suke ɗauka. A lokacin zare ne a hannu, ba ril. Maimakon in bar shi ya gudu ya gaji, sai na naɗe zaren a yatsuna na kafe ƙafa a jikin jirgi. Kakanka yana ihu daga baya, "Sakar masa! Haruna, sakar masa, zai dawo!" Na ce a raina in na saki ya tafi ke nan. Zaren ya shiga nama har ƙashi, sannan ya tsinke. Kifi ya tafi da ƙugiya, ni na zauna da jini. Kakanka ya yage bakin rawaninsa ya ɗaure mini, sai da muka kusa gaɓa sannan ya ce, "Duk karatun nan ba a koya muku sakin zare ba?"

Saboda haka kar ka ƙulle birki. Ka murɗa shi yadda in ka ja zaren da hannu zai fito, amma da ƙyar. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. In kifi ya gudu a fili, bar shi, ril zai yi ƙara, ba komai. In ya nufi saiwa ka kwantar da sandar gefe ka juya masa kai. In ya yi tsalle ka sauke bakin sandar ƙasa. Kuma kar ka taɓa naɗe braid a yatsa, ya fi wanda ya yanke ni kaifi.

Magana ɗaya a kan kada. A gida an ce kada ba ya taɓa jinin Sarkawa, akwai alkawari tsakaninmu tun kakanni. Ni ma na taɓa faɗa wa abokan aikina haka a wurin shan shayi, da bakina na likita. Mukhtar, kadan Ostiraliya bai san Kakanka ba, ba a yi alkawarin da shi ba. Kar ka tsaya dab da ruwa. Kar ka shiga ciro koto in ya maƙale, ko nawa ka saye shi. Kar ka gyara kifi a gaɓa, kar ka sa hannu a ruwa don wanke jini, kar ka riƙa tsayawa wuri ɗaya kullum, don yana lura. In mutanen wurin suka ce a matsa, ka matsa kafin ka tambayi dalili.

Saura kuskure ɗaya, shi ba na kifi ba ne. Lokacin da na samu gurbin ƙaro karatu a Manchester, Kakanka bai so ba. Ya ce ga aiki ina yi a asibiti kusa da gida, me zan nema a ƙasar da ko gawata sai an sa a akwati. Na ce an riga an gama komai. Ya ce tunda an gama, me na zo nema a zaurensa. Sati biyu ina gaishe shi yana amsawa da ka. Ranar tafiya na zo ƙofar zauren da jakata, na ji tarinsa a ciki, na tsaya, sannan na wuce tasha. Na ce in na dawo hutu da tsaraba, zuciya ta yi sanyi, ma shirya. Wata goma sha ɗaya bayan nan ina cikin bas a Oxford Road, a tsaye, na riƙe ƙarfe, waya ta shigo daga Yauri, aka ce Kakanka ya rasu. Na wuce inda zan sauka, na wuce na gaba, sai da direba ya ce nan ne ƙarshe.

Don haka ka zo Erdington ranar Asabar. Ba sai ka kira ba. Za ka same ni a falo ina kallon labarai, kuma ba lallai in ɗago kai ba. Ka gaishe ni, ka zauna, ka ci abin da Mamanka ta dafa. Ba zan ce ka yi haƙuri ba, bakina bai saba ba. Zan tambaye ka ko ka samu mai sayen motarka, ko ka sanar da GP ɗinka, likitan unguwarku, za ka bar ƙasar. In ka ji haka, ita ce maganar sulhun. Ka karɓa, kar ka tsaya jiran wadda ta fi ta.

Allah ya kai ka lafiya, ya sauke ka lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin ruwa da abin da ke cikinsa, da sharrin tudu da masu tafiya a kansa. Ya haɗa ka da abokan aiki nagari da maƙwabta masu amana, ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya. Ka riƙe salla ko a cikin kwale-kwale ne. Allah ya yi maka albarka.

To, Mukhtar, sauke fuskar ladabin nan haka. Na san tun daga dogon da ba ya wanke tukunya ka fara zargi, don yaushe Yaya ya taɓa sanin akwai tukunya a duniya. Ba Dakta ba ne. Ni ne, Baffanka Ilu. Yaya bai san na rubuta ba, takardar ma daga firintarsa na zaro. In ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri, ni allo na yi, bokon a waya na tsince shi.

Amma ban yi maka ƙarya ba sai a sunan. Labarin rina da na yatsa duk Yauri an sani. Na tafki Mamanka ta ba ni, na bas kuma shi ya faɗa mini da bakinsa, sau ɗaya, shekarar da na zo. Lambobin nan kuwa, dubu huɗu da talatin da hamsin, ni ina na san su? Ni birgi na iya da mamari, kayan kamun kifinmu na gida. Ranar Juma'a ya ɗauke ni zuwa masallaci, ya ce in miƙo masa tishu daga aljihun mota, sai ga ambulan ɗin council an cika bayansa da rubutun likita. Na sa a aljihu, Amira ta karanta mini. Tsawon sanda, lambar ril, zare, birki, duk ya bincika ya rubuta. Ya sa arba'in ya soke ya mayar hamsin. A ƙasa ya rubuta kada, ya ja masa layi biyu. Kwanan watan da ke sama washegarin tambayarka ne. Sati uku amsarka tana yawo a mota tsakanin gida da asibiti.

Akwai kuma abin da shi bai sani ba, ban taɓa gaya masa ba, kai na fara gaya wa. Ranar da ya wuce tasha, ni ina gida. Bai fi rabin awa da fita ba Baba ya fito daga zaure da ƙunshin bandar kifi a takardar siminti, wanda ya kwana biyu yana zaɓa da hannunsa. Ya tafi tasha da sauri, ina biye da shi, har yana tuntuɓe, ban taɓa ganin ya yi sauri haka a tudu ba. Motar ta riga ta tashi. Ya tambayi ɗan kamasho ko akwai wata da za ta cim mata, aka ce babu. Ya zauna a benci da ƙunshin a cinya har aka kira azahar. Da muka dawo ya rataye shi a zaure, ya hana kowa taɓawa, wai na Haruna ne. Yana nan a rataye har ya rasu.

Na ga wannan sau ɗaya, ya ishe ni. Yayana taurin kansa na Baba ne sak, kuma na san ranar Laraba zai ɗauki mota ya kama hanyar filin jirgin Manchester bayan ka riga ka shige ciki. Ka riga shi. Ka zo Asabar. Na nemi hutun rabin yini a shago, zan zo da karfasa manya guda uku, ni zan soya, don a samu mai surutu a falon in ku biyun kun yi shiru.

In ka nuna masa takardar nan zan rantse ban iya boko ba, kuma za a yarda da ni.

Ni ne dai, ba likita ba, ba dattijon kowa ba,
Baffanka Ilu, mai ƙarnin kifi.